Wane Terabayit Ake Ƙirga Maka? Sharhi Kan Lasisin Manhajar Ajiyar Bayanai Da Ake Sayarwa Da Awo

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Mai'adua ko masara a Dandume ya san ba a gama ciniki da jin kuɗin tiya. Sai an ga tiyar da kanta, an san ko a shafe ake aunawa ko da tsororuwa, an kuma san hannun wa ke riƙe da ita. Haka lamarin yake ga manhajar da manyan ma'aikatu ke saye don ajiye kwafin ko-ta-kwana na bayanansu, abin da masu aikin kwamfuta ke kira bakof. Dillali zai kawo takardar farashi mai layi ɗaya: dala kaza a kan kowane terabayit, wato ma'aunin yawan bayanai mai kimanin gigabayit dubu. Shugaban sashen kuɗi zai kwatanta ta da ta wani dillalin, ya zaɓi mai araha, a sa hannu. Bayan shekara ɗaya sai takardar neman ƙarin kuɗi ta iso, kowa ya shiga mamaki, alhali tun ranar farko ba a tambayi wane terabayit ake ƙirgawa ba.

Maganar ta shafe mu a Katsina fiye da da. Jami'o'i irin su ta Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma da Al-Qalam, da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da sababbin makarantun tarayya da ke Daura, da ma'aikatun jiha masu biyan albashi da tattara haraji, aikin irin waɗannan wurare yana ƙaura daga fayil na takarda zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe wa ma'aikata bayananta. Sakamakon jarabawa, takardun filaye, hotunan marasa lafiya, duk abubuwa ne da in suka ɓace ba a sake ƙirƙiro su.

A da ana sayar da irin wannan manhaja da ƙirgen kaya: lasisi ga kowace saba, wani ga rumbun bayanai irin Oracle ko SQL Server, wani ga kowane injin kaset. Da aka soma zuba kwamfutocin gaibu, wato waɗanda manhaja ke ƙirƙirowa ba tare da jikin na'ura nasu ba, masu yawa a cikin saba guda ta hanyar VMware ko Hyper-V, sai wasu kamfanoni suka koma ƙirga gurbin firosesa. Lasisin awo ya zo ne ya share wannan ruɗani: ka biya gwargwadon yawan bayananka, ka girka manhajar a kan na'urori ko nawa kake so. Wannan sauƙi ne na gaske, kuma shi ya sa tsarin ya samu karɓuwa. Sai dai awon iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu na iya ninka kuɗi.

Na farko shi ne awon gaba, wanda za ka ga an rubuta FETB a takardar farashi. Ana auna bayanan ne yadda suke zaune a kan na'urorinka, kafin manhajar ta taɓa su. Kana da terabayit 28, lasisin terabayit 28 za ka saya, ko kwafi ɗaya ka ajiye ko ashirin, ko na mako biyu ko na shekara bakwai. Manhajojin bakof irin Commvault da NetBackup an daɗe ana sayar da su da wannan awo. Na biyu shi ne awon baya, BETB, inda ake auna abin da ya sauka a ma'ajiyar bayan an matse shi an kuma tace maimaici, wato an ajiye sau ɗaya tak duk guntun bayanin da ya maimaitu. Akwatunan ajiya irin PowerProtect DD na kamfanin Dell a kan wannan suke tafiya, IBM kuwa yana sayar da Storage Protect ta hanyoyin biyu, mai saye ya zaɓa. A yaren manomi, awon gaba ƙirgen dami ne a bakin gona, awon baya kuwa awon tsaba ne bayan sussuka da shiƙa. Wanda ya ji haka zai ce ai tsabar ta fi ƙanƙanta, ita ce riba. Wani lokaci haka ne. Amma awon baya yana haɗawa da duk tsabar bara da ta bara waccan da ke cikin rumbu.

Bari mu ɗauki misali, da alƙaluman da muka ƙaddara don a ga yadda lissafin ke tafiya. Wata ma'aikata tana da rumbun bayanai na terabayit 2, wasiƙun imel terabayit 3, kwamfutocin gaibu terabayit 5, fayilolin ofis terabayit 8, da takardun da aka ɗauki hotonsu terabayit 10. Jimla 28. Hotunan nan a matse suke tun asali, don haka terabayit 10 ɗin za su sauka kusan yadda suke. Sauran 18 ɗin, a ce sun matsu zuwa rabi, sun koma 9. Kwafin farko ke nan ya ci terabayit 19. In kashi 2 cikin ɗari na waɗannan 18 ɗin ke canzawa kullum, wato gigabayit 360, su matsu zuwa 180, to ajiyar kwana 14 za ta ƙara kimanin terabayit biyu da rabi. Awon baya ya tsaya wajen 22, ƙasa da 28 na awon gaba. A nan awon baya ya fi sauƙi.

Yanzu sai mai binciken kuɗi ya ce dole a riƙe kwafin kullum na kwana 30, da na ƙarshen kowane wata har shekara guda. Kwana 30 ɗin sun ci terabayit 5.4. Kwafin wata-wata, a ce kowanne ya zo da sabon abu na terabayit ɗaya da rabi, sha biyu sun ci 18. Jimla ta haura 42. Sannan ƙa'idar da duk masu aikin suka yarda da ita, ta 3-2-1, tana neman kwafi uku har da na asali, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. In kamfanin yana ƙirga kwafin da aka tura wani gini ko wani gari, 42 ta zama 84. Bayanan ba su ƙaru da ko bayit ɗaya ba, wa'adin ajiya ne kawai ya canza, amma mai awon baya ya tashi daga 22 zuwa 84, mai awon gaba yana nan a 28 ɗinsa. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, ma'aikatar da doka ko bincike ke tilasta wa dogon riƙo, kamar asibiti ko ofishin fansho ko na filaye, awon gaba ya fi mata kwanciyar hankali. Ta dai tuna cewa lasisin bai haɗa da faya-fayan da za a zuba terabayit 84 ɗin ba, waɗannan sayensu daban ne.

Dillalai kan yi alƙawarin cewa tace maimaici zai rage bayanai ninki goma ko ashirin. Adadin na iya zama gaskiya, amma yana fitowa ne daga kwatanta cikakkun kwafi masu yawa na abu ɗaya, ba daga kwafin farko ba. Kuma akwai bayanan da ba sa tacuwa ko kaɗan: bidiyon kyamarorin tsaro, hotunan JPEG, fayilolin ZIP, da duk abin da aka kulle da lambar sirri kafin ya iso manhajar. Rumbun bayanan da aka kunna wa kullewa daga cikinsa ba ya matsuwa, domin kullallen bayani kamar tarkace yake a idon na'ura, babu wani tsari mai maimaituwa da za ta kama. Haka in mai kula da rumbun yana matse kwafinsa da kansa kowane dare kafin manhajar ta ɗauka: ƙaramin canji a ciki kan sauya fasalin fayil ɗin, ma'ajiyar ta ɗauke shi kusan a matsayin sabo. Wanda zai sayi awon baya ya nemi a yi gwaji da ainihin bayanansa na tsawon mako biyu zuwa huɗu kafin ya yarda da kowane adadi.

Akwai kuma matsalar wuta, wadda takardun kamfanonin waje ba sa ambata. Cikakken kwafi na terabayit 28 a kan waya mai gudun gigabit ɗaya yana cin fiye da kwana biyu da rabi, ko da komai na tafiya daidai. In wuta ta ɗauke a tsakiya, janareta ya yi jinkirin tashi, batirin UPS ya ƙare, aikin na iya yankewa ya bar sarƙar kwafin, wato cikakken kwafi da na kullum da ke dogaro da shi, a lalace. Gyaran sau da yawa shi ne a sake cikakken kwafi daga farko, kuma a ma'ajiyar da ba ta tace maimaici sosai, wannan sabon kwafin zai zauna kusa da tsohon har wa'adinsa ya cika. Batirin da aka ƙi canzawa saboda tsada yana iya jawo sayen ƙarin terabayit.

Shi kansa terabayit ɗin iri biyu ne. Masu ƙera faifai suna ƙirga shi bayit 1,000,000,000,000. Windows da manhajoji da yawa suna ƙirga shi 1,099,511,627,776, wato 1024 sau huɗu a jere. Bambancin ya kusa kashi 10 cikin ɗari. IBM ya rubuta a sharuɗɗansa cewa na biyun yake nufi. A terabayit 50, wannan tazara ta kai kusan terabayit 5, don haka a nemi a rubuta ma'anar a cikin yarjejeniya da lambobi.

Awon gaba ma yana da nasa ramukan, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi ba tare da an sani ba. Manhajar ba ta leƙa faifanka ta auna. Tana duba girman cikakken kwafin da ta ɗauka daga kowace na'ura, yawanci na baya-bayan nan ko mafi girma a cikin wani lokaci, ta tara. Ma'ana, yadda ka tsara aikin shi ke yanke abin da za ka biya. In ka ɗauki kwafin kwamfutar gaibu gaba ɗayanta, sannan ka sa wakilin manhajar a cikinta ya ɗauki rumbun bayanai daban, akwai manhajojin da za su ƙirga rumbun sau biyu. In mai kula da rumbun terabayit 2 yana zubar da kwafinsa a wani babban fayil kowane dare yana riƙe na kwana bakwai, kuma fayil ɗin na cikin abin da ake kwafewa, terabayit 2 sun zama 16: na asali da bakwai na gefe. In sabobi biyu suna aikin karɓa-karɓa a kan faifai ɗaya, aka saita kwafin da sunan kowacce maimakon sunan haɗakar, faifan zai shiga lissafi sau biyu. In aka canza wa saba suna ko aka ƙaurar da ita, tsohon sunan da sabon kan bayyana tare a rahoto. Sabar da aka kashe tun watanni ma tana iya ci gaba da cin lasisi har sai an cire ta daga manhajar da hannu, ko kwafinta na ƙarshe ya cika wa'adi.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne faifan Windows Server da aka kunna wa tace maimaici. A ido yana nuna terabayit 5, amma in manhajar tana kwafe fayil ɗaya-ɗaya, tana karanta su ne a cikakken girmansu, sai rahoto ya nuna 11 ko 12. Haka kwamfutar gaibu da aka ba faifan terabayit 2 amma gigabayit 300 kawai ta cika: a tambaya a rubuce, wanda aka ware ake ƙirgawa ko wanda aka cika? Yawancin kamfanoni wanda aka cika suke ƙirgawa, sai dai gurbin fayilolin da aka goge kan ci gaba da bayyana a matsayin cikakke in ba a mayar wa ma'ajiyar da shi ba.

Duk waɗannan ana iya gano su kafin dillali ya gano. NetBackup, wanda ya koma hannun Cohesity a Disambar 2024, yana da umarnin nbdeployutil da ke fitar da rahoton awo na'ura bayan na'ura. Commvault ma yana da rahoton lasisi a cikinsa. A riƙa fitar da rahoton kowane wata, a jera shi kusa da jerin sabobin da ke aiki da gaske, a bi layi-layi. Duk inda girman da ke rahoto ya fi abin da ke kan faifai da fiye da kashi 10 cikin ɗari, akwai dalili, kuma a nemo shi.

Sai batun girma. Bayanai ba sa raguwa. In terabayit 28 na ƙaruwa da kashi 25 cikin ɗari a shekara, za su zama 35, sannan kusan 44, sannan kusan 55 a ƙarshen shekara ta uku. Kada a ɗauki wannan kaso daga bakin kowa. A duba girman faya-fayan a watanni 12 da suka wuce a fitar da na gida. A kuma tambayi sauran sassa abin da suke shirin yi, domin tsalle ba ya zuwa daga imel. Yana zuwa ne ranar da asibiti ya girka sabon injin hoton CT, ko rajistara ya ba da kwangilar ɗaukar hoton fayilolin ɗalibai na shekara ashirin, ko aka kafa kyamarori sittin aka haɗa su da sabar ofis.

Me ke faruwa in an haura awon? Ya danganta da kamfani. Wasu manhajojin suna gargaɗi, su ba da ɗan rara, daga nan su ƙi karɓar sabuwar na'ura. Wasu ba sa hana komai, sai lokacin sabuntawa ko bincike a kawo lissafin abin da aka haura, sau da yawa a farashin ranar ba tare da rangwamen farko ba. Na biyun ya fi haɗari ga ma'aikatar gwamnati, domin bashi ne da ke taruwa ba tare da yana cikin kasafi ba.

Kuma bashin na dala ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu a lasisin shekara-shekara kafin wannan sauyi ya ga kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku a naira, ko da bai ƙara komai ba. A kan haka akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ribar dillali. Takardar farashi kan ƙare cikin kwana 14 ko 30, alhali fayil ɗin neman amincewa na iya yin wata uku yana yawo tsakanin ofisoshi. Jami'in kwamfuta zai tsaya gaban shugabansa da takarda a hannu: "Ranka ya daɗe, farashin da aka amince da shi a watan Maris ya tashi, dillalin ya ce sai an sabunta." Shugaban ya ce a sake rubuto takarda, a sake bin layi, lasisin kuma ya ƙare a tsakani. Maganin shi ne a soma maganar sabuntawa kwana 120 kafin wa'adi, a kuma sa rarar canjin kuɗi a cikin kasafin tun farko.

Abin da ya fi rangwamen ranar farko muhimmanci a wajen ciniki shi ne farashin ƙari. A nemi a rubuta cewa duk terabayit da za a ƙara cikin shekara uku za a saye shi a farashin na farko, kuma wa'adinsa zai ƙare rana ɗaya da sauran, don kada a tara lasisi huɗu masu ranakun ƙarewa huɗu. A nemi iyaka ga ƙarin da za a yi lokacin sabuntawa. A tambaya ko ana iya rage awo in bayanai sun ragu, domin yarjejeniyoyi da yawa hawa kawai suka sani. Ga mai lasisin dindindin, a san cewa in kuɗin kulawa na shekara ya yanke, dawowa kan buƙaci biyan watannin da aka tsallake, wani lokaci har da tara. Sannan tambayar da ba a so a manta: in lasisin ya ƙare, za mu iya dawo da bayananmu daga tsofaffin kwafi? Amsar baki ba ta isa ba, a ga sakin layin da ya faɗi haka.

Ba kowa ne lasisin awo ya dace da shi ba. Veeam, tun 2019, yana sayar da lasisin da yake kira VUL, mai ƙirga kowace na'ura ko kwamfutar gaibu a matsayin ɗaya komai girmanta, sai fayilolin da ke kan akwatin ajiyar fayiloli na haɗaka, wato NAS, da yake ƙirgawa gigabayit 500 a kan lasisi ɗaya. Lissafin zaɓin mai sauƙi ne: a raba kuɗin na'ura ɗaya da kuɗin terabayit ɗaya. In terabayit ya ninka na'ura sau biyar a tsada, kuɗin hanyoyin biyu yana zuwa daidai ne a na'ura mai gigabayit 200. Mai kwamfutocin gaibu 60 masu gigabayit 80 kowacce, jimla terabayit 4.8, awo ya fi masa. Mai sabobi uku masu terabayit 15 kowacce, ƙirgen na'ura ya fi masa nesa ba kusa ba. Ƙaramar makaranta ko asibiti mai zaman kansa a Daura ko Funtuwa kuwa, in suna da ma'aikaci mai hannu a Linux, akwai Bacula da Bareos da Proxmox Backup Server, waɗanda ake iya amfani da su kyauta ba tare da awo ba. Kuɗinsu yana tafiya ne a lokacin ma'aikacin, kuma ranar da ya bar aiki dole a samu wanda ya san yadda ya tsara abin.

Tura kwafi zuwa ma'ajiyar intanet ma yana da nasa awon daban da na lasisi. Terabayit 10 a kan layi mai gudun megabit 100 yana ɗaukar fiye da kwana tara ba tsayawa, kuma dawo da shi haka zai ɗauka, ga kuɗin fitarwa da manyan kamfanonin ke caja a kan kowane gigabayit. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje. Shi ya sa kaset bai mutu ba: kaset nau'in LTO-8 ɗaya yana ɗaukar terabayit 12 ba tare da matsewa ba, LTO-9 yana ɗaukar 18, kuma kaset ɗin da ke kulle a akwatin ƙarfe a wani gini, manhajar ɓarayi mai kulle bayanai don neman kuɗin fansa ba ta da hanyar isa gare shi. Yana dai son ɗaki mai sanyi da kariya daga ƙurar hunturu.

Babban abin da ke damun mu da lasisin awo shi ne halin da yake jefa ma'aikaci a ciki. Rahoto ya nuna an kai kashi 98 cikin ɗari, babu kuɗin ƙari a kasafin bana, sai jami'in ya yi shiru ya cire wani babban fayil daga jerin abin da ake kwafewa don a koma ƙasa. Ba wanda ya sani sai ranar da faifai ya mutu aka zo neman fayil ɗin. Rage awo halal ne in an yi shi a fili: bidiyon kyamarori ya zauna a na'urarsa da wa'adin kwana 30 ko abin da hukumar ta yanke, fina-finai da hotunan biki da ma'aikata suka zuba a sabar ofis a kwashe su, fayilolin girka manhaja da ake iya sake saukowa a cire su, tsofaffin takardun da ba a taɓa ba shekara biyar a mayar da su kaset biyu a ajiye a wurare biyu. Dokar 2023 ɗin ma ba ta yarda a riƙe bayanan mutane fiye da lokacin da ake buƙatarsu ba. Amma kowane abu da aka cire a rubuta shi a takarda ɗaya, da sunan sashen da ya mallake shi da dalilin cirewa, shugaban sashen ya sa hannu, a ajiye takardar tare da rahoton awo na watan. Kowane wata uku kuma a zaɓi saba ɗaya daga cikin waɗanda ake biya wa lasisi, a dawo da ita a kan wata na'ura daban, a buɗe fayilolin, a rubuta awa nawa aikin ya ci.